Michael Dempsey: Limamin Katolika da ya zauna a ƙasar Hausa bayan jama'arsa sun watse

A ranar 13 ga watan Yuli na 1967, mako guda kacal bayan ɓarkewar yaƙin basasar Najeriya, Fadar Paparoma ta naɗa wani Ba'amurke mai shekara 55, Rabaran Fada Michael James Dempsey, a matsayin Bishop na Sakkwato. A takarda muƙamin babba ne, domin ƙasar da aka damƙa masa ta haɗa tsofaffin lardunan Sakkwato da Katsina baki ɗaya: daga Yelwan Yawuri a bakin kogin Kwara har zuwa Daura, daga Funtuwa har Jibiya, da duk abin da ke tsakani, irin su Malumfashi da Ƙanƙara da Dutsin-Ma da Kurfi. A zahiri kuwa kango aka miƙa masa. Mafi yawan mabiya ɗariƙar Katolika a wannan yanki 'yan Kudu ne, kuma tarzomar 1966 ta riga ta kore su. Wanda ya gada a kujerar ya rasu wata bakwai kafin nan. Majami'u sun zama wayam, makarantu sun rasa malamai da ɗalibai.

Mutum na iya duba wannan hali ya ce aiki ya ƙare, a naɗe tabarma. Dempsey ya zauna shekara 17 a kan kujerar. Abin da ya yi a cikinsu shi ne tushen Cocin Katolika da ake gani yau a jihohin Katsina da Zamfara da Sakkwato da Kebbi.

Asali da karatu

An haifi Michael James Dempsey ranar 22 ga Fabrairu, 1912, a birnin Providence da ke Jihar Rhode Island a gabashin Amurka. Da ya kai munzali sai ya shiga ƙungiyar limaman Dominikan, ɗaya daga cikin tsofaffin ƙungiyoyin Cocin Katolika, wadda wani malami ɗan ƙasar Sifaniya mai suna Dominic ya kafa, Paparoma kuma ya amince da ita a 1216. Mambobinta kan ɗauki alkawarin zama ba aure, ba dukiya ta ƙashin kai, tare da biyayya ga shugabanninsu. Ana gane su da farar doguwar riga, kuma an san su da wa'azi da zurfin karatu. Daga cikinsu ne aka samu Thomas Aquinas, malamin ƙarni na 13 wanda ya nazarci littattafan Ibn Sina da Ibn Rushd, ya karɓi wasu hujjojinsu, ya yi jayayya da wasu.

An naɗa Dempsey limami ranar 11 ga Yuni, 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Shekarunsa na farko a aiki ya yi su ne a aji, yana koyarwa a makarantar sakandare ta Fenwick da ke Oak Park, kusa da birnin Chicago. Da rayuwa ta tafi yadda aka saba, da a nan zai tsufa da alli a hannu.

A 1951 reshen ƙungiyar na Chicago ya amsa gayyatar Akbishop Leo Taylor na Legas, ya turo ayarin farko zuwa Najeriya. Dempsey na cikinsu, tare da Fada Edward Lawton. An ba su majami'ar Saint Dominic da ke Yaba, unguwar ma'aikatan jirgin ƙasa da akawuna da 'yan kasuwa daga kowace kusurwa ta ƙasar. A nan Dempsey ya shafe fiye da shekara goma, ya shugabanci majami'ar, daga baya kuma aka ɗora masa jagorancin 'yan ƙungiyar a Najeriya. Yaba ce ta koya masa Najeriya: yadda ake zama da ƙabilu daban-daban a ƙarƙashin rufi ɗaya, da yadda ake tafiyar da babban aiki da ɗan abin hannu.

Arewar da ya tarar

Ba Dominikan ne limaman Katolika na farko da suka taka ƙasar Katsina ba. Tun a 1710 wasu biyu 'yan ƙungiyar Faransiskan, Carlo Maria da Severino, suka taso daga Tarabulus, suka ratsa Fazzan da Agadas tare da ayarin fatake, suka iso Katsina, inda ciwo ya kashe su a 1711. Ba su bar mabiya ba, ba su bar gini ba.

Da Turawan Ingila suka ci ƙasar a 1903, Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin cewa ba za a taɓa addininsu ba. Saboda haka aka taƙaita zirga-zirgar 'yan mishan a masarautun Musulmi. Ƙofar da aka buɗe musu daga baya ita ce ta jinyar kutare, kamar yadda mishan ɗin SIM ya yi a Babbar Ruga kusa da Katsina da Amanawa kusa da Sakkwato. Cocin Katolika kuwa layin dogo ya bi. Da jirgin ƙasa ya tashi daga Zariya ya ratsa Funtuwa ya kai Gusau da Ƙauran Namoda a ƙarshen shekarun 1920, sai cinikin auduga da gyaɗa ya jawo ma'aikata daga Kudu: akawunan kamfanoni, makanikai, direbobi, teloli, masu kantin magani. Su ne suka gina ƙananan majami'u a Sabon Gari, limami yakan zo musu jefi-jefi.

A 1953 aka yanke lardunan Sakkwato da Katsina aka mai da su yanki mai zaman kansa, a 1954 aka naɗa Lawton shugabansa, ya kafa mazauninsa a Gusau. A 1964 yankin ya zama cikakkiyar dayosis, wato ƙasar da ke ƙarƙashin bishop guda, Lawton ya zama bishop na farko. Amma duk da wannan ci gaba, coci ne na baƙi a idon mai gari. Da Turanci da Ibo ake yawancin hidimarsa, kuma Bahaushen da ke wucewa ta ƙofarsa bai ga abin da ya shafe shi a ciki ba.

Shekarar da komai ya rushe

A tsakiyar shekarun 1960 aka mayar da Dempsey Gusau. Bai daɗe da sauka ba ƙasa ta rikice. Juyin mulkin 15 ga Janairu, 1966, ya ci rayukan Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello da Firayim Minista Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa da manyan hafsoshin soja 'yan Arewa, abin da ya bar rauni mai zurfi a zukatan jama'a. A watan Mayu, bayan dokar da ta soke tsarin jihohi, tarzoma ta tashi a garuruwan Arewa. A watan Yuli aka yi juyin mulki na biyu. A Satumba da Oktoba aka yi kashe-kashen da suka fi na baya muni. Gusau da Funtuwa da Katsina duk abin ya shafe su. Dubban mutanen Gabas suka rasa rayukansu a faɗin Arewa, waɗanda suka tsira kuma suka cika taragon jirgi suka nufi gida.

Waɗannan su ne jama'ar Dempsey. Ya ga mutanen da yake yi wa hidima ranar Lahadi sun zama gawa ko 'yan gudun hijira. Bishop Lawton bai daɗe bayan wannan masifa ba. Zuciyarsa ta buga ranar 19 ga Disamba, 1966, yana da shekara 53. Kujerar ta zauna ba kowa har zuwa naɗin Dempsey. An yi bikin keɓe shi bishop ranar 15 ga Agusta, 1967, a Amurka, ya kuma juyo Najeriya a lokacin da baƙi da yawa ke neman hanyar fita.

Komawa ga harshe da karkara

Shawarar da ta fi kowace muhimmanci a zamaninsa ita ce cewa cocin da ya dogara da baƙi kaɗai ba shi da saiwa. Iska ɗaya ta isa ta tumɓuke shi, kamar yadda 1966 ta nuna. Idan zai ɗore, dole ya yi magana da Hausa, ya kuma samu shugabanni daga cikin 'yan ƙasa.

Lokaci ya taimaka masa. Babban taron bishop-bishop na duniya da aka yi a Batikan daga 1962 zuwa 1965 ya ba da izinin yin ibada da harsunan jama'a a maimakon Latin. Littafi Mai Tsarki kuwa tun 1932 yake da fassarar Hausa. Saboda haka addu'o'i da waƙoƙi da darussa suka koma Hausa, limamai Amurkawa kuma suka duƙufa koyon harshen, ba don gaisuwar kasuwa kawai ba, har don wa'azi da sasanta ma'aurata da yi wa mamaci addu'a.

Hankalin dayosis ya karkata ga Maguzawa, Hausawan da suka riƙe addinin gargajiya, waɗanda ke zaune a gidaje warwatse a karkarar kudanci da tsakiyar ƙasar Katsina, musamman wajen Malumfashi da Ƙafur. Manoma ne na gaske, masu cika rumbu, amma sun daɗe a gefen al'amura: makaranta ta yi musu nisa, asibiti ya yi musu nisa, kuma ba kasafai ake jin muryarsu a majalisar hakimi ba. A shekarun 1960 da 1970 da yawansu suka bar addinin kakanni. Wasu suka musulunta, musamman tun rangadin wa'azin Sardauna, wasu suka shiga Kiristanci ta hannun cocin ECWA da Katolika da sauransu.

Limaman da Dempsey ke da su ba su da yawa, ƙasar kuwa faɗi gare ta. Mai tafiya daga Katsina ta Kurfi da Dutsin-Ma zuwa Ƙanƙara ya san nisan da ke tsakanin gari da gari, balle a wancan zamani da yawancin hanyoyin ƙauye burji ne, damina kuma takan yanke su. Maganin da aka samo shi ne katikis, wato malamin addini wanda ba limami ba ne. Magidanci ne ɗan ƙauyen, mai mata da 'ya'ya da gona. A zamanin Dempsey ne cibiyar horar da irin waɗannan malamai da ke Malumfashi, mai ɗauke da sunan Joseph Mukasa, wani shahidin Kirista ɗan Yuganda, ta tsaya da ƙafafunta, har dayosis-dayosis na wasu sassan Arewa suka riƙa turo mata ɗalibai.

Aikin katikis ya wuce jagorancin addu'ar Lahadi. A ƙauyuka da dama shi ne mutum na farko da ya iya karatu da rubutun boko. Shi ke koya wa manya da yara abacada, shi ke karanta wa maƙwabta wasiƙa da takardar haraji, shi ke raka mara lafiya asibiti, shi ke lallashin uba ya bar ɗansa ya tafi makaranta. Da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta a 1976, ƙauyukan da suka riga suka saba da allo da alli ta wannan hanya ba su yi jinkirin tura 'ya'yansu ba. Daga irin waɗannan gidaje aka samu malaman makaranta da ma'aikatan jinya da jami'an gwamnati da ke aiki yau a ma'aikatun Jihar Katsina.

Jinya da hidimar mata

Ɓangaren da talaka ya fi saninsa a aikin mishan shi ne ɗakin shan magani. Tun 1956 sistocin Dominikan daga garin Great Bend na Jihar Kansas suka iso Gusau, suka kama aikin jinya da karɓar haihuwa da koyarwa, daga baya aikin ya kai Yelwa da Malumfashi. Yawancin matan da ke jeruwa a ƙofarsu da goyo Musulmi ne, domin su ne mafi yawan jama'ar ƙasar, ciwo kuma ba ya tambayar addini. A wurin da al'ada ta hana mace ta tuɓe gaban namiji, samun mace mai ilimin unguwarzoma ya ceci rayukan uwaye da jarirai.

Dempsey ya san cewa Amurkawan nan za su tsufa, kuma ba lalle ne a samu masu maye gurbinsu daga can ba. Don haka ya goyi bayan kafa ƙungiyar sistoci 'yan Najeriya a Gusau a farkon shekarun 1970, wadda aka sa wa sunan Catherine ta Siyena. Ƙungiyar tana nan har yau, 'yan ƙasa ke shugabancinta, tana tafiyar da makarantu da wuraren jinya.

A cikin shekarun 1970 gwamnatocin jihohi suka karɓe makarantun mishan. Abin ya yi wa coci-coci ciwo, domin gumi da kuɗinsu ne suka gina su. Sai dai dayosis ɗin Sakkwato ta riga ta zuba jarinta a cikin mutane fiye da gine-gine, mutum kuwa ba a karɓe shi da takardar doka.

Zama a inuwar Daular Usmaniyya

Kujerar Dempsey tana birnin Shehu ne, cibiyar Musulunci ta wannan yanki na Afirka. Duk tsawon zamaninsa Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ke kan gado, wanda ya yi sarauta daga 1938 zuwa 1988. A Katsina kuma ya yi zamani da Sarki Usman Nagogo har rasuwarsa a 1981, sannan Sarki Muhammadu Kabir Usman. Bishop a irin wannan wuri baƙo ne sau biyu, ta fata da ta addini, kuma fili ko na ɗaki ɗaya ba ya samuwa sai da yardar masu ƙasa.

Ba a ɓoye yake ba cewa Dempsey ɗan mishan ne, burinsa addininsa ya yaɗu, malaman Musulunci kuma suna da nasu ra'ayin game da wannan buri. Abin da ya bambanta shi shi ne hanyar da ya bi. An san shi da neman kyakkyawar dangantaka da Musulmi da kuma sauran ɗariƙun Kirista. Taron Batikan ya riga ya fitar da wata sanarwa a watan Oktoba na 1965 wadda ta umarci mabiya Katolika su dubi Musulmi da girmamawa, su bar gabar da ta wuce. A Turai wannan magana ce ta littafi. A Sakkwato da Katsina kuwa al'amari ne na yau da gobe.

Daga cikin limaman Dominikan da suka yi aiki a wannan dayosis akwai Fada Joseph Kenny, wanda ya koyi Hausa da Larabci, ya yi digirin digirgir a Jami'ar Edinburgh a kan tauhidin Imam Sanusi, ya kuma fassara Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani zuwa Turanci, littafin da kowane almajirin zaure ya sani. Daga baya ya shafe shekaru yana koyarwa a Jami'ar Ibadan. Cocin da ke ware limami guda domin ya karanci addinin maƙwabcinsa daga tushe ya nuna cewa zama ya zo yi, ba ci-rani ba.

Da yaƙi ya ƙare a watan Janairu na 1970, 'yan kasuwar Gabas suka fara dawowa. Wasunsu sun tarar maƙwabtansu Hausawa sun tsare musu gidaje, har da kuɗin hayar da aka tara musu. Majami'un birane suka sake cika. Shirin bautar ƙasa da aka soma a 1973 da buɗe sababbin makarantu da ma'aikatu suka kawo malamai da ma'aikata garuruwa irin su Dutsin-Ma. Sabon aikin da ya faɗo wa bishop shi ne haɗa jama'a biyu a coci ɗaya: ɗan kasuwar birni mai jin Turanci da manomin karkara mai jin Hausa, ba tare da ɗaya ya raina ɗaya ba.

Miƙa ragama

A watan Fabrairu na 1982 Paparoma John Paul na Biyu ya ziyarci Kaduna, inda ya naɗa sababbin limamai 'yan ƙasa masu yawa. Alama ce cewa zamanin bishop Bature ya kusa ƙarewa. Dempsey bai jira an nuna masa ƙofa ba. An naɗa Kevin Aje, ɗan Jihar Filato, mataimakinsa mai jiran gado, kuma ranar 3 ga Disamba, 1984, Dempsey ya sauka. Yana da shekara 72, saura shekara uku ya kai iyakar da dokar coci ta gindaya wa bishop, amma jiki ya fara gazawa, magaji kuma ya samu.

Bayan shekara 33 a Najeriya ya koma Amurka, ya zauna a birnin Denver na Jihar Colorado a matsayin limami kamar kowa. A can ya rasu ranar 19 ga Maris, 1996, yana da shekara 84. Bai bar gida ko gona ko asusu da sunansa ba, domin alkawarin da ya ɗauka tun yana saurayi bai ba shi wannan dama ba.

Abin da ya biyo baya

Shekarun da suka biyo bayan tafiyarsa ba su zo da sauƙi ba. Rikicin Kafanchan na watan Maris 1987 ya fantsama har Funtuwa da Katsina, aka ƙona majami'u. A 'yan shekarun nan kuma 'yan bindigar daji sun addabi ƙasar da ya yi wa hidima. A watan Disamba na 2020 suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A watan Mayu na 2021 suka afka majami'ar Saint Vincent Ferrer da ke Malumfashi, suka kashe Fada Alphonsus Bello, suka yi awon gaba da dattijo Fada Joe Keke. Manoman Kurfi da Dutsin-Ma da Safana da Batsari sun san wannan azaba, domin mai ɗauke da bindiga ba ya tambayar wanda ya tare ko masallaci yake zuwa ko coci.

Duk da haka, abin da aka dasa bai mutu ba. Limaman Dominikan na Najeriya da Ghana sun zama reshe mai cin gashin kansa a 1993. Bishop Aje ya riƙe Sakkwato har 2011, Bishop Matthew Hassan Kukah ya gaje shi. A ranar 16 ga Oktoba, 2023, Paparoma Francis ya yanke sabuwar Dayosis ta Katsina daga jikin ta Sakkwato, ya naɗa Gerald Mamman Musa bishop ɗinta na farko. Bahaushe ne, kuma shi ne Bahaushe na farko da ya kai wannan matsayi a Cocin Katolika. An naɗa shi limami ne a 1996, shekarar da Dempsey ya kwanta dama.

Ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da na Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke zuwa coci ranar Lahadi, da manoman Ƙafur da ke rera waƙoƙin ibada da Hausa, kaɗan ne daga cikinsu suka taɓa jin sunan Michael Dempsey. Wannan ba ragi ba ne a gare shi. Ma'aikacin gwamnati ya san bambancin shugaban da ofis ke mutuwa ranar da ya yi ritaya da wanda ya horar da na ƙasa da shi. Ɗan kasuwa ma ya san bambancin maigidan da ke riƙe yaransa har tsufa da wanda ke sallamar su da jari. Dempsey na cikin kashi na biyu: ya tarar da aikin da ya dogara da baƙi, ya bar shi a hannun 'yan gida.